Ƙugin Amfilifayar Baba Tawada

Shekara talatin da huɗu Baba Tawada ya yi a tsaye gaban injin buga littattafai, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Shi ne mutumin nan da zai zare takarda ɗaya daga cikin dubu, ya ɗaga ta saitin taga, ya kanne ido guda, ya hango ɗigon tawada da bai kai kashin ƙuda ba a gefen shafi, sai ya ce a tsayar da inji. Abokan aiki su yi ta magiya, su rantse babu mai karatun da zai lura. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ni na gani." Takardun nan kuwa sai kwandon shara. A can ya samo sunan, domin har ranar da ya ajiye aiki bakin farcensa bai rabu da baƙi ba.

Abin da mutanen layinsu ba su sani ba shi ne, kafin inji akwai jita. Yana saurayi, gashi cike da kai, shi da abokansa huɗu suna kiɗa a wani ɗakin taro da ke bayan tashar mota. Tasa jar jita ce mai aiki da lantarki, ga kuma amfilifaya, wato akwatin da ke ɗaga sautin jitar, mai nauyin da sai ka yi nishi kafin ka raba shi da ƙasa. Ƙungiyar ta watse yadda irinta ke watsewa. Wannan ya yi aure, wancan ya bi motar kaya, mai ganga ya sayar da gangunansa ya buɗe shago. Shi kuma ya shiga maɗaba'a, ya auri ungozomar asibitin unguwa, wadda kowa ke kira Ungozoma, har shi kansa. Jita ta hau saman sif, amfilifaya ta shige ƙarƙashin tebur aka lulluɓe ta da tsohon zani.

Sau ɗaya suka sake fitowa, lokacin da aka haifi Auta. Bayan maza biyu da ba su taɓa ba kowa wahala ba, yarinyar nan ta zo duniya da rigimar mutum uku. Ranakun hutu, in uwar tana aikin rana a asibiti, shi ake bar wa ita. Ya jijjiga, ya saɓa a kafaɗa, ya zaga tsakar gida har ƙafa ta gaji, ita kuwa sai ƙara tsala ihu take yi. Wata rana da dabara ta ƙare masa, ya sauko da jita, ya rage amfilifaya har ƙasa, ya shiga taɓa wasu 'yan sautuka shida a hankali, suna hawa suna sauka kamar mai taka matakala ba ya son a ji shi. Yarinya ta yi tsit, ta zuba masa ido, idon ya lumshe. Kiɗan bai taɓa samun suna ba, a gidan "na Auta" kawai ake ce masa. Ya yi ta yi mata har ta shiga makaranta, daga nan jita ta koma inda ta fito.

Yau ga Auta da aure a wani gari mai nisa, inda sai mota ta yini ta kwana, ga ta kuma da cikin fari wata takwas. Wata safiya ta kira shi a waya.

"Baba, wata alfarma nake nema."

"Faɗi, uwar rigima."

"Na Auta nake so. Ka naɗa mini shi, in jikanka ya zo in riƙa kunna masa. In ya gado ni, ka ga na shiga uku."

Ya yi dariya, ya ce ai yatsu sun tsufa. Ta ce ita dai ta riga ta ba direba saƙo: 'yar na'urar naɗar sauti mai batir, da makirufo, da hedifon, abin sauraron nan mai rufe kunnuwa biyu.

Ya ce to, ya ajiye waya. Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Wata shida da suka wuce ya saci jiki ya je wurin likitan kunne, likita ya ce masa inji ya ci rabonsa. Na hagu ya kusa tafiya, na dama yana bin sa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Saboda haka ba saƙon Auta kaɗai ke gabansa ba. Yana son ya ji kiɗan nan da kunnensa, tas, babu ko ɗigo, ya tabbatar da shi kamar yadda yake tabbatar da aikin maɗaba'a, tun kunnen bai rufe ba. Ga haihuwa saura mako huɗu.

Ya share ɗakin baya, wanda samarin gidan suka bari da suka yi nasu gidajen. Ya sake wa jita tsirkiya, ya kakkaɓe amfilifaya, ya kunna. 'Yar jar fitilarta ta kama, ɗaki ya ɗauki ƙanshin ƙura mai ɗumi, sai ga shi: zuuuu. Ƙugi ne mai kauri, ba ya hawa ba ya sauka. A da can ma yana nan, amma a ɗakin taro, ana tafi ana ihu, wa ke da lokacinsa? Ya naɗa, ya sa hedifon ya saurara, sai ya ji kamar a bayan injin niƙa aka yi kiɗan. Ya danna maɓallin goge.

Ya aika aka kira masa abokinsa Mai Rediyo, wanda shagonsa ke bakin layi, mutumin da ba ya iya ba ka amsa sai ya haɗa maka da lacca. Ya zo ya sunkuya gaban amfilifaya, hannuwa a baya, yana gyaɗa kai kamar likita ya gano cuta.

"Wannan ƙugin wuta ne, Tawada. Jitar nan taka kunne gare ta, kuma 'yar gulma ce. Duk abin da ke jan wuta a gidan nan tana jin sa, ta kwashe ta kai wa amfilifaya."

"To yaya za a yi da ita?"

"Fara da doguwar fitilar nan da ke kanka, kashe ta. Cajar waya, cire. Fanka, haƙuri za ka yi da zufa. Igiyar jitar ta yi tsawo, ga ta kwance jikin wayar wuta kamar ango da amarya, raba su, ka samo gajera."

Ya kwance soket ɗin bango, ya tarar da wayar ƙasa, wadda ke kwashe ɓatacciyar wuta ta kai ƙasa, tana lilo ba a ɗaure ba, ya ɗaure ta yana tsaki. Ya fesa wani ruwa a maɓallan amfilifaya da ke ƙarar-ƙarar in an murɗa su. Sannan ya matso da makirufo, ya auna yatsa biyu tsakaninsa da ƙyallen da ke rufe lasifikar amfilifaya, ɗan gefe kaɗan ba tsakiya ba.

"In yana kusa haka, ba sai ka ƙure murya ba, kuma ba zai kwaso maka kukan akuyar maƙwabta ba. Abu na ƙarshe, rataya jitar ka riƙa juyawa a hankali. Akwai inda za ka fuskanta ƙugin ya kwanta. In ka samu wurin ka tsaya nan, ko da bango kake kallo."

Bangon kuwa ya samu. Wata kusurwa ce da tsohuwar kalanda ke rataye, wadda shi da hannunsa ya buga shekara goma sha tara da suka wuce. Hoton wani tafki ne, da ɗan kwalekwale babu kowa a ciki. Nan ya ajiye kujerarsa, ya juya wa ɗaki baya.

Saura firij. Duk bayan 'yan mintuna sai ya ce ƙyas daga kicin, ya fara nasa gurnanin, amfilifaya ta amsa masa. Baba Tawada ya je ya zare shi daga wuta, ya dawo ya shiga kiɗa, ya manta da duniya. Sai da la'asar ya jiyo muryar Ungozoma, kuma wannan karon ko kunnen hagu ya ji.

"Baban Auta! Wa ya kashe mini firij?"

"Na minti goma ne kawai."

"Minti goma tun hantsi? Zo ka ga ruwa har ƙofar kicin. Nama ya saki, madara ta lalace. Wai da ƙugi kake faɗa ko da ni?"

Daga ranar ta kafa doka. In zai kashe firij, sai ya cire hularsa ya saka a ciki, domin ta san ba ya taka ƙofar gida kai babu hula. Mako uku mutanen layi suna ganin Baba Tawada da yamma yana tafe yana murmushi shi kaɗai, ba su san kansa ne ke shan sanyi ba.

Ya kwashe bargunan gidan ya rataya a taga da ƙofa. Ya ɗora amfilifaya kan kujera, ya sa mata matashi a ƙasa don kada daɓe ya riƙa amsawa. Ya gano cewa layinsu yana yin shiru tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, bayan yara sun tafi makaranta, kafin masu talla su fara zagaye. Waɗannan awa biyu su suka zama nasa.

Kuma ya so su, ba kaɗan ba. Ɗakin yakan yi duhu-duhu, sai wani siririn haske da ke sulalowa ta inda bargo ya ɓule, ƙura tana yawo a cikinsa ba ta sauri. Zufa na bin bayansa, bai damu ba. Ranakun farko yatsun sun yi gardama, daga baya suka tuna hanya da kansu. Yana kaɗawa yana kallon tafkin nan, har ya riƙa ganin kamar ruwan na motsi, kwalekwalen na matsawa kaɗan-kaɗan zuwa wancan gaɓar. Wani lokaci ya ji nauyin jaririya a cinyarsa, da ƙanshin hodar da uwarta ke shafa mata a wuya. Wani lokaci ya ga ɗakin taron bayan tasha, da mai ganga yana kashe masa ido, alhali mutumin ya shekara bakwai a ƙasa. In ya kai sautin ƙarshe sai ya bar shi ya mutu da kansa, ya zauna shiru kamar wanda aka tasa daga barci mai daɗi.

Daga nan sai ya sa hedifon, daɗin ya gudu. Ƙugin ya rame, gaskiya ne, ya zama siriri kamar zare, amma yana nan a ƙarƙashin kowane sauti. Goge. Gobe ya matsar da kujera taku ɗaya, ya sake. Goge. Rannan Mai Rediyo ya leƙo, ya karɓi hedifon, ya saurara ido a rufe.

"Ni fa ban ji komai ba, Tawada. Wannan ko a gidan rediyo sai haka."

"Ni na ji."

Hali zanen dutse. A gaban idon mutumin ya goge shi, kuma shi ne na arba'in da ɗaya.

Da ya ga saura mako guda, sai ya ce yau zai kama ɓarawon nan ko ta halin ƙaƙa. Zai kashe wutar gidan gaba ɗaya, sannan ya riƙa kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya har ya ga wanda ke kawo ƙugin. Ya je wurin mita ya ja babban makunni ƙasa. Ya dawo ɗakin baya ya ja bargo ya rufe ƙofa. Jar fitilar amfilifaya a mace take. Babu fanka, babu firij, babu rediyo, babu abin da ke jan wuta ko na allura. Ya zauna yana jiran ya ji shiru.

Ƙugin yana nan.

Ya taɓa kansa ko ya manta hedifon a kunne. Babu, ga shi can kan tebur. Ya sa yatsu ya toshe kunnuwansa biyu, sai abin ya ƙaru, ya matso, ya cika masa kai. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Shekara talatin da huɗu yana cikin ƙarar inji, in ya dawo gida ga rediyo, ga fanka, ga yara. Bai taɓa zama cikin shiru na gaske ba sai da ya gina shi da hannunsa, bargo bayan bargo, kuma a nan ne abin da inji ya bar masa ya samu wurin fitowa. Tsoro ya kama shi, baƙin ciki ya biyo baya. Ya tuna arba'in da ɗayan nan. Wataƙila ashirin daga cikinsu tas suke, kuma akwai wanda yatsunsa suka yi abin da ba za su sake yi ba. Ya kifa kai a jikin jita, ya yi kuka irin na tsofaffi, mara sauti.

A haka Ungozoma ta same shi. Ta ga maƙwabta da wuta, ita babu, ta zo bin ba'asi da faɗa a bakinta. Da ta ɗaga bargo ta gan shi, sai ta haɗiye faɗan.

"Kai ka ɗauke mana wuta?"

"Ni ne." Bai ɗago ba. "Ungozoma, ƙugin nan ba a gidan yake ba. A kaina yake."

Ta shigo, ta zagaya ta damansa, ta zauna a bakin tebur.

"Na san kunnen yana ba ka wahala."

"Wa ya gaya miki?"

"Shekara biyu ina zagayowa damanka in zan yi maka magana, kai kana zaton motsa jiki nake yi? Takardar likitan ma na gan ta, a aljihun rigar da ka ba ni wanki. Na bar ka ne ka faɗa da bakinka."

"To yanzu ta yaya zan san aikin ya fita? Ni ban taɓa sakin abin da ban tabbatar ba."

"Haba Baban Auta. Shekara talatin ina kafa ƙahon katako a kan cikin masu juna biyu, ina jiyo bugun zuciyar da bai kai na agogon hannu ba, ga dangi suna hayaniya a baranda. Kunnen da ya ji wannan ne zai kasa jin zuuu ɗinka? Je ka maido mana da wuta, ka sa hular a firij. Kai ka kaɗa, ni in ji. In na ji ƙugi zan jefe ka da matashi."

Igiyar hedifon gajera ce, don haka sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna dab da amfilifaya, ta jingina da ƙafar kujerar, matashi a cinyarta. Shi ya juya ya fuskanci tafkinsa. Ya danna naɗa, ya fara. Ƙugin na cikin kansa yadda yake, amma tunda ba aikinsa ba ne ya saurare shi yau, sai ya bar shi ya yi ta yi. Yana kaɗawa yana jiran matashi a keya. Matashi bai zo ba. Ya zaga kiɗan sau uku, ya zaga sau biyar, ya manta da jiran, kwalekwale ya kama hanya. Bai taɓa yin sa da tsawo haka ba tun Auta tana zanen goyo.

Da sautin ƙarshe ya mutu, ya juyo a hankali. Ungozoma ta yi barci. Kanta ya karkata har ya kusa taɓa makirufo, hedifon ya zame daga kunne ɗaya, hannunta rungume da matashin. Ya daɗe yana kallonta bai motsa ba, don kada kujera ta yi ƙara ta tashe ta. Sai can ya miƙa hannu ya tsayar da na'urar.

Ta buɗe ido. "Tas yake."

"Barci fa kika yi."

"To ba aikinsa ke nan ba? Ni na ji. A tura wa yarinya."

Ya sa hedifon ya saurara. Ƙugi daga farko har ƙarshe, kamar kullum. Babban yatsansa ya je kan goge da kansa, ya tsaya a nan. Sai ya miƙa mata na'urar, ya ce ta kai wa Mai Rediyo ya tura wa Auta naɗin ta waya, tun bai canza shawara ba. Wannan ne aiki na farko a rayuwarsa da ya bar hannunsa a kan maganar wani.

Haihuwa ta zo da wuri, ta riga Ungozoma da ke ta shirin tafiya. Mace aka samu, kuma ta gado uwarta kaf. Ana kwana huɗu, jakunkunan tafiya na jere a bakin ƙofa, Auta ta kira. Ya kara wayar a kunnen dama.

"Baba, yana aiki! Da na kunna sai ta yi tsit. Amma ka san inda barcin ke ɗaukar ta? Can ƙarshe, inda kiɗa ya ƙare numfashin Mama ya fito."

"Numfashin wa?"

"Na Mama mana. Har da ɗan minshari, kusan minti biyu. Ashe ba da gangan ka bari ba?"

Mutumin da ya kori firij da fanka da akuyar maƙwabta, ga shi ya tura aiki da minshari a ciki, kuma ya saurare shi bai ji ba.

"Bari in sake miki wani mai tsabta," in ji shi.

"Baba, wallahi in ka sake ba na so. Ni kaina wurin nake jira. In ya zo sai in ji kamar ina kwance a ɗakinku."

Da suka yi sallama ya shiga ɗakin baya, ya sa hedifon, ya kai naɗin can ƙarshensa, ya ƙure murya. Ya ji sautin jita ya mutu, daga nan sai ƙugi. Ya maido baya ya sake, ƙugin dai. Numfashin yana nan a ciki, 'yarsa tana ji, jikarsa tana ji, shi ne kawai ba zai ji shi ta nan ba. Ya cire hedifon ya rataye.

A falo ya sami Ungozoma ta gaji da haɗa kaya, ta kishingiɗa a doguwar kujera, barcin rana ya sace ta. Ya jawo 'yar kujera ya zauna gefenta, yana kallon mayafinta na ɗagawa yana sauka. Sannan ya sunkuya a hankali, ya kai kunnen damansa dab da fuskarta. Bai ji komai ba, amma ɗumin numfashin ya taɓa kunnen, ya tafi, ya dawo.

Ta buɗe ido ɗaya. "Lafiya, Baban Auta?"

"Yi barcinki," ya ce. "Saurare nake."